Kuɗin Bincike da Rainon Ƙananan Malamai: Me Ya Sa Asibitocinmu Ba Sa Koyo Daga Aikinsu?

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan asibitocin matakin farko da ke ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna sukan zauna da manyan rajistocinsu, na awon ciki da na haihuwa da na rigakafi da na marasa lafiyar da ake dubawa su koma gida, su tattara adadin da ke ciki a kan takardar taƙaitawa ta wata, su miƙa wa jami'in alƙaluma na ƙaramar hukuma. Shi kuma sai ya shigar da su cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙiro, Najeriya kuma ta ɗauke ta a matsayin rumbun alƙaluman lafiyarta. Daga nan alƙaluman sukan haura zuwa Kaduna, su zarce Abuja. Abin da ba kasafai yake faruwa ba shi ne su dawo wa ungozomar da ta rubuta su da wani bayani da zai amfane ta, kamar a ce mata matan da suke zuwa awon farko a wurinta da yawansu ba sa dawowa na huɗu, ga dalilin da aka gano, ga abin da aka gwada a maƙwabciyar mazaɓa ya yi aiki, ita ma ta gwada a gani.

Wannan dawowar ita ce ƙashin bayan abin da masana suke kira tsarin kiwon lafiya mai koyo daga aikinsa. Tunanin ya yi ƙarfi ne a Amurka, inda cibiyar masana harkar lafiya ta ƙasar ta fitar da rahoto a kansa a 2007, bayan an daɗe ana kokawa cewa sakamakon bincike yakan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya zama aikin yau da kullum a asibiti. Jami'ar Michigan ta buɗe sashe guda domin wannan fanni a 2014, sannan a 2021 wata ƙungiyar bincike da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata rahoton, inda ta nuna cewa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su ne ma suka fi bukatarsa, tunda ba su da kuɗin da za su riƙa maimaita kuskure ɗaya shekara da shekaru. Yadda abin yake tafiya ba shi da sarƙaƙiya a baki: aikin da ake yi wa marasa lafiya ya haifar da bayanai, a tace bayanan su zama ilimi, ilimin ya koma ya gyara aikin, sannan a sake aunawa a ga ko gyaran ya kama. Wahalar tana wajen samun mutumin da zai riƙa juya wannan da'ira, domin ba ta juya kanta, kuma kwamfuta ba ta juya ta.

Mutumin da ake bukata yana da ƙafa ɗaya a asibiti ɗaya a jami'a. Dole ya san yadda ake aiki a ɗakin haihuwa da ƙarfe biyun dare lokacin da babu wuta, ya kuma san lissafin da zai bambance canji na gaskiya da abin da ya faru bisa katari. Ya iya zama da shugaban asibiti da daraktan ma'aikata ya fahimci abin da ke damunsu, ya kuma iya rubuta abin da ya gano yadda takwarorinsa na ko'ina za su iya tantance shi. A wurinmu wannan mutumin galibi ƙaramin malami ne a kwalejin likitanci ko sashen jinya ko na harhaɗa magunguna ko na kiwon lafiyar al'umma, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko Jami'ar Jihar Kaduna, wanda bai daɗe da kammala digirin digirgir ko jarrabawar ƙwarewa ta likitoci ba. Shekaru biyar ɗin farko bayan wannan kammalawa su ne suke yanke hukunci a kan ko zai zama mai bincike mai tsayuwa da ƙafarsa, ko zai zama mai rubuta maƙala don neman ƙarin girma kawai, ko kuma zai tattara takardunsa ya nufi Saudiyya ko Ingila.

Amurkawa da suka ga wannan giɓi sun sa masa kuɗi kai tsaye. A 2018 hukumominsu biyu masu ɗaukar nauyin binciken ingancin kiwon lafiya, AHRQ da PCORI, suka ware dala miliyan 40 na shekara biyar ga cibiyoyi 11 domin su raini ƙananan malamai a wannan fanni. Abin lura a tsarin nasu ba yawan kuɗin ba ne, abin da kuɗin yake saya ne. Kaso mafi tsoka yana tafiya ne wajen biyan albashin malamin, da sharaɗin cewa jami'arsa za ta sauke masa nauyin koyarwa da duba marasa lafiya har kusan kashi uku cikin huɗu na lokacinsa ya zama na bincike. Sannan tambayar da zai bincika ana so ta fito daga bukatar asibitin da yake ciki, kuma shugabannin asibitin su san da ita tun daga farko.

Idan aka ɗora wannan a kan makon ƙaramin malamin likita a nan Kaduna ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, nan take za a ga inda gizo ke saƙar. Litinin yana asibitin masu zuwa su koma tun safe har la'asar, Talata zagayen ɗakunan marasa lafiya da ɗalibai a bayansa, Laraba tiyata ko wani asibitin na musamman, Alhamis lacca da taron sashe, ga aikin kwana da yake faɗo masa a kai a kai saboda abokan aiki sun ragu, ga takardun jarrabawa da aka tara masa domin shi ne ƙarami, ga kuma kwamitin jadawali da na jarrabawa waɗanda manya suka daɗe da yada su. Da yamma, in yana da iyali, yakan leƙa wani asibitin kuɗi ya ɗan yi aiki, don albashin ba ya kai wata. Lokacin binciken da ya rage masa shi ne bayan sallar isha'i, da fitilar caji da datar da ya saya da kuɗinsa. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a bainar jama'a cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan, kuma kowane ɗaya da ya tafi, aikinsa a kan wanda ya rage yake komawa. Ko da an miƙa wa irin wannan malami naira miliyan goma a yau, in ba a rage masa ko da yini ɗaya na aiki ba, abin da za a samu shi ne bincike na gaggawa da takardar tambayoyi, a raba wa mutum ɗari uku a harabar asibiti, a tambaye su abin da suka sani game da wata cuta, a buga, a wuce. Irin wannan bincike ya cika mujallunmu, kuma da wuya a nuna ɗakin marasa lafiya ɗaya da ya sauya salon aikinsa saboda shi.

Babbar hanyar kuɗin bincike ta cikin gida ita ce asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda ya samo asali daga harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, aka sake masa doka da suna a 2011. Yana da ƙofofi biyu da suka shafi wannan magana. Ta farko ƙaramin tallafi ne da ake bayarwa ta hannun kowace jami'a, wanda ya yi shekaru bai wuce naira miliyan biyu ga aiki ɗaya ba. Ta biyu ita ce asusun bincike na ƙasa, wanda ake gasa a kansa daga ko'ina, kuma an ɗaga kuɗinsa daga naira biliyan 5 a 2019 zuwa biliyan 7.5 a 2020, sannan biliyan 8.5 a 2021, zamanin da Farfesa Suleiman Bogoro yake shugabantar asusun. Ba ƙaramin ci gaba ba ne wannan, kuma duk wanda ya san yadda abin yake kafin lokacin ba zai raina shi ba. Sai dai babban tallafin a al'ada babban malami ne yake jagorantarsa, ƙananan suna biye a matsayin mataimaka, ƙaramin tallafin kuma tun bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023 ya zama kuɗin mai da alawus ɗin masu tattara bayanai. Babu ɗaya daga cikin biyun da aka gina shi domin ya fanshi lokacin malami daga sashensa.

Akwai kuma wata matsala ta tsari da ba a cika ambata ba. TETFund da jami'o'i suna ɓangaren ilimi, asibitoci da rajistocinsu da ma'aikatansu suna ɓangaren lafiya, kuma asibitocin matakin farko, waɗanda gwamnatin Kaduna ta ɗauki ɗaya a kowace mazaɓa cikin 255 domin ingantawa, suna ƙarƙashin hukumarsu ta jiha. Mai kuɗin bincike ba shi ne mai matsalar ba, mai matsalar kuma ba shi da layin bincike mai ƙwari a kasafinsa. Tun 1990 wani kwamitin ƙasa da ƙasa ya ba da shawarar ƙasashe masu tasowa su riƙa ware kashi 2 cikin ɗari na kasafin lafiyarsu domin bincike, aka sake jaddada wannan a taron Bamako na 2008, amma a aikace layin bincike shi ne na farko da ake tsallakewa idan aka zo sakin kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuɗin da yake zuwa har asusun asibitocin mazaɓu. Wannan kuɗi na aiki ne, amma a ganina duk inda ake zuba kuɗi irin wannan kowane wata uku, rashin ware ɗan abin da za a riƙa auna tasirinsa da shi asara ce da ta fi abin da aka yi tattali.

Saboda haka idon ƙananan malamai ya koma waje. Cibiyar Fogarty ta Amurka tana da tallafin da ake kira K43, wanda aka tsara musamman domin ƙaramin malami a ƙasa irin tamu: shekara uku zuwa biyar, kashi 75 cikin ɗari na lokacinsa a kan bincike, da jagora ɗaya a gida da ɗaya a Amurka. Akwai shirin CARTA na horar da masu bincike a Afirka, wanda cibiyar bincike ta APHRC da ke Nairobi da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu suke jagoranta tun 2008, kodayake jami'o'in Najeriya da ke cikinsa na Ibadan da Ile-Ife ne. Akwai ƙaramin tallafin fam dubu biyar na shekara guda da ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan take bayarwa, wanda ya zama tsanin farko ga matasa da yawa. Akwai kuma horon SORT IT na shirin TDR da ke Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fi kowanne kusa da abin da muke magana a kai, domin yana ɗaukar ma'aikacin lafiya da bayanan da shirinsa ya riga ya tara, ya bi da shi mataki-mataki daga tsara tambaya har zuwa buga sakamako da kai shi gaban masu yanke shawara. Zariya ma ta ɗanɗana irin wannan haɗin gwiwa, domin Jami'ar Ahmadu Bello tana cikin jami'o'in da suka yi shirin MEPIN na inganta horon likitoci daga 2010 zuwa 2015 ƙarƙashin jagorancin Ibadan, tare da Jos da Nsukka da Maiduguri da Legas.

Kuɗin waje yana da nasa sharuɗɗan. Mai bayarwa shi ne yake zaɓar cutar da za a bincika, shi ya sa aka yi shekaru ana samun kuɗi a kan ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, alhali hawan jini da ciwon suga da dogon layin ɗakin karɓar magani ba su da mai tallafa musu. Hukumar binciken lafiya ta Amurka kashi 8 cikin ɗari kawai take ƙara wa cibiyoyin ƙasashen waje domin hidimar gudanarwa, abin da ba ya isa a riƙe akanta da jami'in tallafi da janareta. Kuma 2025 ta koya wa kowa darasi, lokacin da gwamnatin Amurka ta rushe USAID, hukumarta mai ba da tallafi ga ƙasashen waje, ayyuka da dama suka tsaya cak a tsakiyar hanya. A cikin gida ma, tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya na gwamnati a 2015, masu bincike a jami'o'in tarayya suka yi ta kukan cewa kuɗin da suka nemo da guminsu yana maƙalewa, har sai da aka cire irin wannan tallafi daga asusun a 2024. Yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ma ya cinye wa mutane da yawa wa'adin da mai tallafi ya ɗiba musu, kuma mai tallafi ba ruwansa da dalili.

Duk da haka, idan aka tambayi waɗanda suka tsallake wannan siraɗi, da wuya su fara ambaton kuɗi. Sukan fara ne da sunan wani babba da ya riƙe hannunsu. A nan ne kuma al'adarmu take taimako ta wata fuska, take cutarwa ta wata. Muna da girmama na gaba, kuma ƙaramin malami ba ya shiga ofishin farfesa sai da sallama da rusunawa da “ranka ya daɗe”. Wannan ladabi yana buɗe ƙofa, amma yana iya rufe baki. Yaron da ya ga kuskure a lissafin Malam, ko yake da tambayar bincike da ta fi ta Malam ma'ana, sau da yawa yakan haɗiye ta, domin gobe Malam ne zai zauna a kwamitin ƙarin girmansa. Daga nan sai raino ya rikiɗe ya zama ubangida da yaronsa: yaro ya tattara bayanai, ya yi lissafi, ya rubuta, sunan Malam ya hau gaba, wani lokaci har da sunayen abokan Malam waɗanda ba su taɓa ganin aikin ba. Ko a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, maƙerin kirki yakan koya wa yaro sana'a da niyyar wata rana ya yaye shi, ya haɗa masa kayan aiki, ya tura masa masu ciniki. Wanda ya riƙe yaro shekara goma sha biyar yana hura masa wuta ba a kiransa gwanin koyarwa. Ma'aunin mai raino a jami'a shi ne yawan waɗanda ya yaye suka samo tallafi da sunansu, suka buga aiki suna kan gaba, har suka fara saɓa masa a taro ba tare da gaba ta shiga tsakani ba.

Raino na gaskiya aiki ne mai cin lokaci, kuma ana iya ganinsa da ido. Malama ta zo da shafi biyu na abin da take son nema wa tallafi, tana cewa za ta binciki matsalolin mata masu juna biyu a jihar. Mai raino ya karanta ya ce mata: “Dakta, wannan ba tambaya ba ce, fage ne. Wace mace, a wane asibiti, me ake yi mata yanzu, me kike so a canza, kuma wa zai sa hannu a canza shi idan kin gano?” Ta koma ta dawo bayan mako biyu da tambaya a kan dalilin da ya sa matan da aka gano jininsu ya hau a awon ciki a asibitocin mazaɓu ba sa isa babban asibitin da aka tura su. Ya sake mayar da ita ta je ta zauna da shugabar ɗakin haihuwa da jami'in alƙaluma ta ga ko rajistar turawa tana ma nuna wanda ya isa da wanda bai isa ba. Ya duba mata kasafi layi-layi, ya nuna mata ta manta da kuɗin izinin kwamitin ɗa'ar bincike da na fassara takardar amincewa zuwa Hausa. Idan aka ƙi ba ta tallafin, wanda shi ne abin da ya fi faruwa a karon farko ko ga gwanaye, ya zauna da ita su karanta sukar masu tantancewa ba tare da ɓacin rai ba, su gyara, su sake turawa. Babu wani sashe na wannan da ke cikin takardar ƙarin girman farfesan, babu alawus a kansa, shi ya sa masu yinsa ba su da yawa, kuma waɗanda suke yi sun yi wa kansu yawa.

A wannan fanni kuma jagora ɗaya ba ya wadatarwa, ko da ya kai kowa ilimi. Farfesan da ya ƙware a cutar ba lallai ne ya san lissafin bayanan da aka tara wata bayan wata ba, masanin lissafin kuma bai san yadda takarda take tafiya daga teburin darakta zuwa na babban sakatare zuwa na kwamishina ba. Ana bukatar na uku daga cikin ma'aikatar ko hukumar asibitocin, mutumin da zai ce wannan tambayar ta dame mu, ga bayanan, kuma idan kun gano wani abu ni zan kai shi taron da ake yanke shawara. Rashin wannan na ukun shi ne dalilin da ya sa kundayen bincike masu kyau suke kwance a kan kanta. Batun mata kuma yana bukatar a faɗe shi a fili: shekarun da ake gina mai bincike su ne shekarun haihuwa da raino, kuma malama ba za ta iya bin farfesa namiji gida da daddare ko zaman hira bayan magariba inda ake ƙulla yawancin irin wannan alaƙa ba. Idan raino ya dogara ga wanda ya saba da wa, mata ne farkon waɗanda za a bari a baya. Tsarin da aka rubuta, mai lokacin ganawa a ofis da rana da kuma tsawaita wa'adin tallafi ga wadda ta haihu, shi ne yake daidaita wannan.

Ba sai an je Michigan ba kafin a ga abin da haɗuwar kuɗi da raino da tambaya mai ma'ana take haifarwa. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da cutar sikila, kuma ɗaya daga cikin mugayen illolinta ga yara shi ne shanyewar ɓarin jiki. A ƙasashe masu arziki ana gano yaran da ke cikin haɗari ta hanyar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'ura, sannan a riƙa yi musu ƙarin jini kowane wata, abin da ba zai yiwu ga yawancin iyalai a nan ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt suka gwada maganin haidiroksiyuriya a madadin ƙarin jinin, a wani gwaji mai suna SPRING da ya haɗa yara 220, kuma Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke nan Kaduna yana cikin wuraren da aka yi shi. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin bai gaza matsakaicin awo ba wajen kare yaran. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya: an ci gaba da aiki a Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada domin a ga ko ma'aikatan jinya za su iya koyon yin gwajin na'urar, tunda likitocin hoto ba su da yawa. Wannan tambaya ce da ba za ta taɓa fitowa daga Amurka ba, kuma waɗanda suka yi ta mutane ne da aka raina a cikin aikin farko har suka kai ga jagorantar nasu.

Haka nan gwajin E-MOTIVE a kan zubar jini bayan haihuwa, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. An yi shi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000, aka buga shi a 2023. Babu sabon magani a cikinsa. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da take nuna yawan jinin da ya zuba, maimakon a kimanta da ido, sannan da zarar ya kai wani mizani a yi mata dukkan matakan da aka riga aka sani a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kimanin kashi 60 cikin ɗari, kuma kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta. Sai dai tabbatar da cewa abu yana aiki a gwaji daban, tabbatar da cewa ana yinsa a Giwa da Kachia da Birnin Gwari bayan masu gwajin sun tafi daban. Ko ledar tana isa, ko ungozomar da aka horar tana nan ko an yi mata canjin wurin aiki, ko maganin yana cikin firji mai sanyi, duk waɗannan tambayoyi ne da babu wanda zai amsa su sai mai binciken da yake zaune a jihar, kuma kowace ɗaya daga cikinsu ta isa ta zama aikin shekara biyu ga ƙaramin malami.

Tsarin ƙarin girma shi ne yake ja da baya. Daga ƙaramin lakcara zuwa babban lakcara zuwa farfesa, abin da ake ƙirgawa shi ne yawan maƙalu da inda aka buga su. Malamin da ya shafe shekara biyu yana aiki da asibitoci goma har aka rage lokacin da mai naƙuda take jira kafin a duba ta, amma ya fito da maƙala ɗaya, yana bayan wanda ya yanka bincike ɗaya gida biyar ya biya kuɗi aka buga masa a mujallun da ba sa tantance komai. Matasa suna ganin wannan, kuma ba wawaye ba ne. Majalisar dattawan jami'a tana da ikon ta ce rahoton da ma'aikata ta karɓa ta yi aiki da shi, ko ƙa'idar jinya da asibiti ya sauya bisa hujja, za a ba shi maki idan masana daga waje sun tantance shi, kamar yadda za ta iya ba manya maki a kan waɗanda suka yaye. Wannan gyara ba ya cin ko kwabo.

Sai batun bayanan kansu. Rajistar asibiti sirrin mutane ce, kuma Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda ya bar tabon rashin yarda da ya daɗe yana bibiyar ayyukan lafiya. Yanzu akwai kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da na asibitoci da na ma'aikatar jiha, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ƙaramin malami yana bukatar wanda zai koya masa inda gyaran aiki na cikin gida ya tsaya, inda bincike mai bukatar izini ya fara, da yadda ake cire suna da lambar waya da adireshi kafin bayanai su hau kwamfutarsa. Yana kuma bukatar hanya sananniya ta neman bayanan, mai wa'adi, domin kada samunsu ya dogara ga ko yana da ɗan'uwa a ofishin.

Abin da jiha kamar Kaduna za ta iya yi bai fi ƙarfinta ba, kuma akwai samfurinsa a gida. Shirin horar da masu bin diddigin cututtuka da aka fara a 2008, wanda Jami'ar Ahmadu Bello take ɗaya daga cikin jami'o'i biyu da ke ba da digirinsa, an gina shi ne a kan kashi ɗaya cikin huɗu a aji, kashi uku a fagen aiki ƙarƙashin mai kulawa, kuma ɗalibansa sun yi aiki a gubar dalma ta Zamfara a 2010 da cutar Ebola a Legas a 2014. Ana iya ɗaukar wannan salo a juya shi zuwa ga ƙananan malamai. Ma'aikatar lafiya da hukumar matakin farko da hukumar inshorar lafiya ta jiha su fitar da tambayoyin da suka fi damunsu a farkon shekara, Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna su fitar da matasa ta hanyar gasa a buɗe, shugaban sashe ya sa hannu a rubuce cewa ya saki malamin yini biyu a mako na shekara biyu, a kuma biya sashen kuɗin wanda zai riƙe masa aikin, domin in ba haka ba nauyin zai koma kan abokin aikinsa ne, a haifar da ƙiyayya. Kuɗin aikin ya zama madaidaici amma mai fitowa a kan lokaci, kashi-kashi, ba wanda za a saki rabinsa bayan damina ta wuce alhali binciken na zazzaɓin damina ne. Kowane wata uku malamin ya tsaya gaban waɗanda suka ba da tambayar, tare da shugabannin asibitocin da ya yi aiki da su, ya faɗi abin da ya gani zuwa yanzu, su kuma su faɗi abin da za su gwada kafin zama na gaba. Wanda ya kammala irin wannan shekara biyu yana da bayanan farko, da maƙala, da wasiƙar shaida daga ma'aikata, waɗanda su ne ainihin abubuwan da masu tantance K43 da sauran manyan tallafi suke nema kafin su amince da sabon suna.